Faifaina ya mutu, kwana goma sha biyu ina tuno saiti: wa ya gwada NixOS a cikinku?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, amma bari in fara da abin da ya jawo ta. Makon jiya na sama faifan laftop ɗina ya mutu. Ina cikin aiki allo ya daskare, na kashe na kunna, shi ke nan, ko BIOS ba ya ganin sa. Alhamdu lillahi takarduna da hotuna suna kan faifan waje, ban yi asarar su ba. Abin da ya tafi shi ne saitin da na yi shekara uku ina gyarawa. Na sayi sabon SSD, na saka Ubuntu cikin minti arba'in, amma yau kwana goma sha biyu ke nan ina tuno abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Jiya sai da na zo rubuta "ƙasa" sannan na tuna ban saita kibod ɗin Hausa ba. Firinta kuwa har yanzu ta ƙi. Na san akwai abin da na taɓa yi mata ta yi aiki, amma ko yanka ni za a yi ban san mene ne ba.

Wani ya ce mini a NixOS, wani nau'in Linux, mutum yana rubuta duk yadda yake son kwamfutarsa ta kasance a fayil guda, in ta mutu ya ɗauko fayil ɗin ya tayar da irinta sak. Gaskiya ne, ko irin kurin 'yan Linux ne da muka saba ji?

Malam Taminal:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Amma ƙanena, ciwonka rashin rubutu ne, ba rashin NixOS ba. Ni tun Debian 6 nake kan Debian, kuma ina da fayil ɗaya da nake rubuta duk abin da na taɓa a kwamfuta, da kwanan wata. In ka buga `apt-mark showmanual` zai jero maka manhajojin da ka saka da hannunka, ka adana jerin. Fayilolin saiti na gida kuma ka zuba su a git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen fayiloli, ka yi amfani da GNU Stow ya jona su inda suka dace. Wannan ya ishi mutum ɗaya mai kwamfuta ɗaya.

Ta Damagaram:
Malam, da girmanka, fayil ɗin nan naka yaushe rabon da ka duba ko ya yi daidai da abin da ke cikin kwamfutar?

Malam Taminal:
Hajiya kin fara ke nan.

Ta Damagaram:
Tambaya ce kawai, Allah ya ba ka haƙuri. Ni ma na yi shekaru da irin wannan fayil, kuma na san yadda ake yi: ranar da abu ya lalace da tsakar dare, ka gyara da sauri ka ce gobe ka rubuta. Goben ba ta zuwa. Bayan shekara, abin da ke takarda daban, abin da ke cikin na'ura daban.

Ɗan Fagge, abin da aka faɗa maka gaskiya ne, amma da sharuɗɗa. Shekara biyu ke nan ina NixOS a kwamfutar aiki da ta gida. Bambancin shi ne ba umarni kake bayarwa ɗaya bayan ɗaya ba, siffar abin da kake so kake rubutawa. Kamar ka kai wa tela awo da samfur ka tafi abinka, maimakon ka tsaya a kansa kana cewa yanke nan, ɗinke can. Fayil ɗin yana `/etc/nixos/configuration.nix`. Ga ɗan yanki daga nawa:

```
time.timeZone = "Africa/Niamey";
services.printing.enable = true;
services.xserver.xkb.layout = "fr,ng";
services.xserver.xkb.variant = ",hausa";
environment.systemPackages = with pkgs; [ firefox libreoffice git vlc ];
```

Kai sai ka sa Africa/Lagos, ka kuma sauya fr ɗin da us tunda ba Faransanci kake bugawa ba. In ka gama sai `sudo nixos-rebuild switch`. Abin da ya raba shi da fayil ɗin Malam shi ne, ba ka da hanyar saka wa firinta direba da tsakar dare ba tare da ka rubuta a nan ba. Yawancin fayilolin `/etc` ma ba sa karɓar gyara da hannu, daga wannan fayil ake fitar da su. Ko ka so ko ka ƙi, rubutun da na'urar tare suke tafiya.

Sarkin Arch:
Wato kwamfutar da ka saya da kuɗinka ta hana ka taɓa fayilolinta, kuma wai wannan ne ci gaba.

Ta Damagaram:
Ranka ya daɗe, wanda yake karanta labaran Arch kafin ya yi afdet don tsoron kada a wayi gari ba allo, ba shi zai koya mana 'yanci ba.

Injiniya Kawo:
Ni aikina kula da sabobi ne, kuma Ansible muke amfani da shi, har laftop ɗina da shi nake saitawa. Shi ma siffa kake rubutawa a YAML: manhaja kaza ta kasance, hidima kaza ta tashi. Tun 2012 yake, Red Hat ta saye shi a 2015, duk inda ka je neman aiki za a tambaye ka shi. Yana tafiya a kan Ubuntu ɗin da ka riga ka saka, ba sai ka rushe komai ba. Ɗan Fagge, in ka koyi Ansible ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ga gyaran kwamfutarka ga abin sa wa a takardar neman aiki. Yaren Nix da ake rubuta fayil ɗin NixOS da shi fa, a ina za ka ci abinci da shi a garin nan?

Ta Damagaram:
Maganar aiki gaskiyarka ce Injiniya, ban musa ba. Amma amsa mini wannan: in ka goge layin vlc daga fayil ɗinka na Ansible ka sake gudanar da shi, vlc ya fita daga kwamfutar?

Injiniya Kawo:
A'a. Sai na rubuta `state: absent`.

Ta Damagaram:
To nan ne gizo ke saƙar. Ansible kamar yaron aike ne da ka ba takardar cefane. Abin da ke rubuce zai tabbatar yana gida. Abin da ka soke daga takardar kuwa ba ruwansa, yana nan a sito yana tara ƙura. Abin da wani ya shigo da shi ta bayan gida ma ba ruwansa. Saboda haka kwamfutoci biyu masu fayil ɗin Ansible iri ɗaya suna iya bambanta, gwargwadon tarihin kowacce. NixOS ba ya gyara tsohon ɗaki, sabo yake ginawa daidai da takardar, ya mayar da kai ciki, tsohon kuma yana nan a rufe. In na goge vlc, sabon zubin, wato sabon tsarin da aka gina, ba shi da vlc, magana ta ƙare.

Yadda yake yin haka: kowace manhaja tana zaune a folda tata ita kaɗai a ƙarƙashin `/nix/store`, sunan foldar kuma yana farawa da wani dogon hatimi na haruffa da lambobi da aka lissafo daga duk abin da ya shiga haɗa ta. In ɗaya daga kayan haɗin ya sauya, hatimin ya sauya, sabuwar folda ke nan, tsohuwar ba a taɓa ta ba. Tsarin gaba ɗaya tarin mahaɗai ne masu nuni zuwa waɗannan foldoji. Wannan tunanin Eelco Dolstra ne, ya fara shi a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan a 2003, a kansa ya rubuta kundin digirinsa na uku a 2006. Ba sabon yayi ba ne kamar yadda wasu suke ɗauka.

Mai Gyara Beirut Road:
Hajiya duk wannan turancin na ji. Ni abu ɗaya nake son sani, don shi nake gani kullum a shago. Mutum yana cikin afdet, batirin laftop ya riga ya mutu, aka ɗauke wuta. Me zai faru?

Ta Damagaram:
Yawwa, ka taɓo inda yake mini daɗi. Ya faru da ni sau biyu. Duk lokacin da yake sauke kaya yana zuba su a `/nix/store`, tsarin da kake kai bai san ana yi ba. Sai komai ya kammala sannan a juya mahaɗi guda zuwa sabon zubi. In wuta ta tafi ana tsakar saukewa, ka kunna ka tarar da tsohon tsarinka lafiya lau, ka sake buga umarnin ya ci gaba, abin da ya riga ya sauka ba ya sake saukewa. In kuma sabon zubin ne ya zo da matsala, wajen kunnawa akwai jerin zubin baya, ka zaɓi na jiya ka shiga. Wata rana sabon kanel, wato zuciyar Linux da ke magana da na'ura, ya kashe mini Wi-Fi ana saura awa ɗaya in shiga taro. Na sake kunnawa, na zaɓi zubi na 87 maimakon na 88, na yi tarona, da daddare na zauna na bincika.

Malam Taminal:
A Debian ma `dpkg --configure -a` yana tayar da mafi yawan irin wannan. Kuma wanda ya sa Btrfs da Timeshift ko Snapper yana komawa baya cikin minti biyu. Mutanen openSUSE sun daɗe suna yi. Ba Nix ya ƙirƙiro komawa baya ba.

Ta Damagaram:
Haka ne Malam. Sai dai hoton faifai, wato kwafin yanayin faifai da Timeshift da Snapper suke ɗauka, yana mayar da kai jiya ne a kan wannan faifan. Na Ɗan Fagge kuwa ya mutu, ko da yana da irin wannan hoton, da ya tafi tare da shi. Kuma hoto ba ya gaya maka abin da ka yi wa firinta, fayil kuwa kana buɗewa ka gani.

Mai Gyara Beirut Road:
To ni a nan na ga amfaninsa. In na saita wa makaranta kwamfuta ashirin iri ɗaya, fayil ɗaya ke nan.

Sarkin Arch:
Tunda an ƙi faɗa, bari ni in faɗa. DATA. Ɗan Fagge, tambaye ta giga nawa take ƙonawa a wata. Na yi wata huɗu a NixOS kafin in dawo gida, ba jita-jita nake ba. Hatimin nan da take yabo shi ne masifar. In aka taɓa wani abu na can ƙasa kamar glibc, laburaren da kusan kowace manhaja ke dogara da shi, hatimin duk abin da ya dogara da shi sai ya sauya, wato kusan komai. Firefox ɗinka bai sauya ba, LibreOffice bai sauya ba, amma sai ka sake sauke su dukansu. A Arch in an gyara laburare ɗaya, shi kaɗai zan sauke. Akwai daren da na buga afdet ina kan data ɗin waya, kafin in idar da sallar isha'i saƙo ya shigo wai saura mega ɗari. Waɗanda suka tsara abin nan ba su san ana sayen intanet da awo kamar man gyaɗa ba.

Ta Damagaram:
Wannan kam ba ni da bakin musu. Gaskiya ne, kuma shi ne babban aibinsa a wajenmu. Amma kai reshen unstable ka bi, ko ba haka ba?

Sarkin Arch:
To da me zan bi? Ni ɗan Arch ne.

Ta Damagaram:
Shi ya sa. Akwai tsayayyen reshe da ake fitarwa sau biyu a shekara, Mayu da Nuwamba, shi ya sa lambobinsa suke 24.05, 24.11, 25.05. Shi ma yakan samu irin wannan babban sauyi, amma bai kai na unstable yawa ba. Ga yadda nake yi. Ina amfani da flakes, sabuwar hanyar tsara fayilolin Nix, akwai fayil `flake.lock` da yake ƙulle ainihin sigar nixpkgs, wato rumbun manhajojin Nix, da nake kai. Muddin ban buga `nix flake update` ba, ko sau nawa na gyara saiti ba abin da zai sauka sai sabuwar manhajar da na ƙara. Ni nake zaɓar ranar afdet, kuma ranar da nake kusa da Wi-Fi na ofis ce. Kafin nan ina buga `nixos-rebuild dry-build`, ya gaya mini mega nawa zai sauke, in na ga abin ya fi ƙarfina in fasa. Ta gida kuma ba ta sauke komai daga waje: `nix copy` nake yi in kwashe daga ta ofis zuwa faifan waje, in kai mata. Tunda hatimin ɗaya ne, karɓa take ba gardama.

Duk da haka ba zan ɓoye maka ba Ɗan Fagge, zai fi Ubuntu cin data. In da data ɗin waya kaɗai kake rayuwa, ka yi lissafi tukuna.

Injiniya Kawo:
Kuma jinkirta afdet ɗin nan yana nufin kina zaune da ramukan tsaro har ranar da kika je ofis.

Ta Damagaram:
Mako biyu ne, Injiniya. Na san mutanen da ke kan tsohon Ubuntu 18.04 har yau.

Almajirin GNU:
Salamu alaikum. Ina ta karatu ina jira a ambaci Guix, shiru. Duk abin da Hajiya ta lissafa, zubi-zubi, komawa baya, fayil guda, GNU Guix yana yi, don daga tunanin Nix aka gina shi. Ludovic Courtès ya fara shi a 2012, siga ta 1.0 ta fito a 2019. Bambancin, maimakon a ƙirƙiro wani baƙon yare, da Guile Scheme ake rubuta komai, yare ne cikakke da ya girmi yawancinmu. `guix system reconfigure` na tsarin, `guix home reconfigure` na saitin gida. Kuma babu manhajar da ba 'yantacciya ba ko ɗaya a ciki.

Mai Gyara Beirut Road:
Almajiri, Wi-Fi ɗin laftop ɗinka yana aiki?

Almajirin GNU:
Na sayi ɗan ƙaramin na USB.

Mai Gyara Beirut Road:
Na gode, ka amsa. Kanel ɗinsu Linux-libre ne, an cire duk wani firmware, wato ƙaramar manhajar da ake loda wa na'ura kafin ta yi aiki, da ba a buɗe ba. Laftop ɗin da ake kawo mana na hannu, HP da Dell da Lenovo, mafi yawa katin Intel ne ko Realtek ko Broadcom a ciki, kuma suna buƙatar abin da aka cire ɗin. Sai dai mutum ya bi ta tashar nonguix, wadda su kansu ba sa son a yi maganarta a zaurensu.

Almajirin GNU:
Aƙida tana da tsada, Alhaji.

Shugaban Zaure:
Jama'a a tsaya kan tambayar Ɗan Fagge. Wanda ke son faɗan Guix da Nix ya buɗe nasa zaren.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, ina bi a hankali. Anti, abin da ban gane ba: wancan fayil na tsarin ne. Ni kuwa abin da ya fi ba ni wahala ƙananan abubuwa ne. Launin taminal, gajerun hanyoyin kibod, saitin git, yadda GNOME, fuskar allon Ubuntu, yake sauya harshe. Su ma suna shiga?

Ta Damagaram:
Wannan aikin Home Manager ne, wani aiki daban da Robert Helgesson ya fara, yana yi wa foldar gidanka abin da NixOS yake yi wa tsarin. `programs.git`, `programs.bash`, `programs.neovim`, duk akwai. Kuma tunda ka ambaci GNOME, ga wani tarko da ya cinye mini yini guda: layin kibod da na nuna a sama, GNOME yana da nasa wajen ajiye wannan saiti a dconf, kuma nasa yake bi. Sai ka rubuta a `dconf.settings`, ƙarƙashin `org/gnome/desktop/input-sources`, ka sa `ng+hausa`. Dabarar gano sunan kowane saiti ita ce ka buɗe taminal ka buga `dconf watch /`, sannan ka je ka danna abin da kake so da linzami. Duk abin da ka taɓa zai fito a taminal da sunansa, sai ka kwafe zuwa fayil. 'Yan Ghana kuma akwai `gh+hausa`. Masu KDE suna da plasma-manager, amma ban taɓa gwada shi ba.

Shawarata ma ita ce kada ka goge Ubuntu ɗinka yanzu. Nix yana zama a kan Ubuntu ko Debian a matsayin manajan manhaja kawai, Home Manager ma haka. Fara da nan. Mayar da git da bash da edita cikin fayil, ka yi wata ɗaya. In yaren ya shige ka, sai ka gwada NixOS a kwamfutar gwaji ta VirtualBox ko QEMU. In bai shige ka ba, ba ka yi asarar komai ba sai 'yan giga.

Malam Taminal:
A nan mun haɗu da Hajiya. Amma bari in faɗi abin da masu tallan abin nan ba sa faɗa, don na zauna da shi wata biyu a tsohuwar ThinkPad kafin in yanke hukunci.

Na ɗaya, manhajar da ka sauko da ita daga wani shafi, dafaffiya, wadda ke tashi a kowane Linux, a NixOS ba za ta tashi ba. Tana neman `/lib64/ld-linux-x86-64.so.2` da laburare a `/usr/lib`, NixOS kuwa ba ya ajiye kaya a can. A `/bin` ma `sh` kaɗai za ka tarar. Akwai magani, `programs.nix-ld.enable`, ko steam-run, ko ka buɗe Ubuntu a cikin distrobox, amma sai ka san da su. Mai Python da ya saba `pip install` zai ga numpy yana kukan ya rasa libstdc++, ya rasa inda zai sa kansa. Na biyu, saƙon kuskuren Nix. Ka sa abu a inda bai dace ba, ya zubo maka layi hamsin da ba su ambaci inda ka yi kuskuren ba, ko ya ce maka "infinite recursion" ya yi shiru. Na uku, bayanan koyo a warwatse suke: rabi suna koyar da tsohuwar hanya ta channels, rabi flakes, flakes ɗin kuma tun Nix 2.4 a 2021 ake kiran sa na gwaji, sai ka kunna shi da hannu, alhali kowa shi yake amfani da shi. Ga rigimar shugabanci da suka yi a 2024 har Dolstra ya sauka daga hukumar gidauniyarsu, wasu suka ɓalle suka yi nasu reshen Nix mai suna Lix.

Ni shekarata ta wuce in kwana ina faɗa da kwamfuta a kan abin da `apt install` yake yi cikin daƙiƙa goma. Yaro mai lokaci ya gwada.

Ta Damagaram:
Ban ƙaryata ko ɗaya ba Malam. Zan ma ƙara maka na huɗu: wuri. Tunda ba a goge tsohon zubi, faifai yana cika. SSD mai giga 128 zai ji jiki in ba a sa `nix.gc.automatic` da `--delete-older-than 14d` ba. Ƙaramin ɓangaren `/boot` ma yana cika da tsofaffin kanel har afdet ya ƙi, sai an sa `configurationLimit`. Na biyar kuma, fayilolin da Home Manager ya ajiye ba sa rubutuwa, don haka manhaja irin VS Code da ke son gyara saitinta da kanta za ta riƙa ƙorafi. Ni na bar irin waɗannan a waje, ba komai ne sai ya shiga fayil ba.

Ɗan Fagge:
Kwana uku ban leƙo ba, ga rahoto. Na bi shawarar Anti, na sa Nix da Home Manager a kan Ubuntu. Daren farko na kusa jefar da laftop ɗin. Na ƙirƙiri sabon fayil `git.nix`, ina ganin sa da idona a folda, amma Nix ya rantse babu shi. Awa biyu ina juya suna, ina duba harafi-harafi. Ashe in flake yana cikin git, duk fayil ɗin da ba ka yi wa `git add` ba, a wajensa bai wanzu ba. Sannan Home Manager ya ƙi ci gaba wai tsohon `.bashrc` ɗina ya tare masa hanya, sai da na matsar da shi. Amma yanzu git, bash, tmux da kibod ɗin Hausa duk suna ciki. Don gwaji na buɗe sabon mai amfani a kwamfutar, na buga umarni ɗaya, sai ga taminal ɗina da launinsa da komai. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai. Na ɗora a GitHub, ga shi can ku duba ku gyara mini.

Injiniya Kawo:
Ɗan Fagge, maza ka mayar da ma'ajin nan na sirri yanzu-yanzu. A `bash.nix` layi na 31 ka bar mabuɗin API ɗinka, lambar sirrin shiga wata hidima, a fili. Kuma goge layin bai isa ba, yana nan a tarihin git. Je ka soke mabuɗin a inda ka karɓo shi ka karɓi sabo. Akwai na'urorin da ba su da aiki sai bin GitHub suna tsintar irin wannan, cikin mintuna suke gani.

Ɗan Fagge:
Innalillahi. Na soke. Allah ya saka da alheri Injiniya.

Ta Damagaram:
Laifina ne da ban faɗa tun farko ba. Ka riƙe wannan: duk abin da ka rubuta a fayil ɗin Nix yana ƙarewa a `/nix/store`, kuma kowane mai amfani da kwamfutar yana iya karanta wurin. Ko ba ka ɗora a intanet ba, kalmar sirri ba ta shiga can. Masu sabobi suna amfani da agenix ko sops-nix su rufe sirrin kafin ya shiga git. Kai da laftop ɗaya, ajiye su a wani fayil daban da git bai san da shi ba, bash ya karanto shi in ya tashi. Kalmar Wi-Fi ma ka bar wa NetworkManager ya riƙe abinsa.

Wani abu kuma, tunda mutuwar faifai ce ta kawo ka: fayil ɗin nan ba ya adana takardunka, ko hotuna, ko tarihin burauza, ko mabuɗan SSH. Komawa zubin jiya ba ya dawo da takardar da ka goge yau. Faifan wajen nan naka kada ka yar da shi.

Malam Taminal:
Wato bayan duk wannan, har yanzu yana buƙatar ajiya a waje, da wani fayil na sirri da zai riƙa tunawa da shi da kansa.

Ta Damagaram:
Eh Malam, guda biyu. Da kuwa guda ɗari biyu ne.

Sarkin Arch:
Giga nawa ka ƙona zuwa yanzu, Ɗan Fagge? Faɗi gaskiya, muna cikin jama'a.

Ɗan Fagge:
Kusan uku, ranka ya daɗe, amma a Wi-Fi na wani abokina. Mai Gyara, firintar fa har yanzu tana nan yadda take. Ubuntu yana ganin ta, in na tura aiki sai ta yi ƙara ta yi shiru.

Mai Gyara Beirut Road:
Wace iri ce? In ƙaramar HP LaserJet ce irin 1020 ɗin nan, sai an loda mata firmware duk lokacin da aka kunna ta. Sa hplip ka buga `hp-plugin`, ko ka nemi foo2zjs. Ina jin abin da ka yi shekarun baya ke nan ka manta.

Ɗan Fagge:
Ita ce! 1020 ce. Ta buga yanzun nan. Anti, wannan a ina zan rubuta shi? Home Manager ba shi da wajen firinta.

Ta Damagaram:
Ba shi da shi, firinta ta tsarin ce, tsarinka kuma har yanzu Ubuntu ne. A NixOS layi ɗaya ne, `services.printing.drivers`, ka sa `hplipWithPlugin` ka kuma yarda da `allowUnfree`. A inda kake yanzu kam, sai dai ka buɗe fayil ka rubuta da hannu.

Malam Taminal:
Da kwanan wata, ƙanena.